Ɗigo a Wayar Baffa

A kulob ɗin gudu Agogo ake kiranta, saboda ba ta sauri kuma ba ta lafawa. Yadda ta fara haka take ƙarewa, har maza masu cika baki kan laɓe a bayanta su ari takunta, su kuma ƙi gode mata. Da rana tana sayar da magani a wani kemis kusa da tashar mota. Mijinta ne ya shigar da ita kulob ɗin, kuma bayan rasuwarsa ba ta daina zuwa ba. Babban laifinta ke nan a wurin danginsa.

Wan mijin, wanda 'yarta ke kira Baffa, ya sha faɗa cewa macen da ke zagaye titi da wando ba ta isa ta riƙe masa 'yar ƙani ba. Yarinyar shekararta shida, haƙoran gaba sun zube, ana ce mata Mai Giɓi. Ita kaɗai Agogo ta mallaka a duniya. Sau biyu Baffa ya zo ɗaukarta, sau biyu Agogo ta tsaya a bakin ƙofa ta ce sai dai a bi ta kanta.

Ana saura mako guda babban gudun famfalaki na birni, sai ga Baffa ya kira da murya mai laushi.

"Ashe da ke za a yi wannan gagarumin gudu? To, Allah ya ba da sa'a. Turo min lambar da za ki maƙala a ƙirji, yara sun ce ana iya bin mutum a waya. Gwaggonta kuma za ta zo ta zauna da yarinya ranar."

Agogo ta ajiye waya ta share hawaye, ta ɗauka an sauko. Matar da ba ta miƙa wa kowa ƙwaya sai ta karanta takardar likita sau biyu, ita ce ta tura lambar ko minti ɗaya ba ta yi tunani ba.

Abin da lambar take yi ba boyayye ba ne. A bayanta akwai ɗan ƙarfe siriri, a kan hanya kuma an shimfiɗa tabarmin roba jefi-jefi. Duk wadda mai gudu ya taka, ɗigonsa zai matsa gaba a wayar masu binsa, har da hasashen lokacin da zai ƙarasa.

Da safe aka tara dubban mutane a bayan shinge kamar awakin kasuwa, ko'ina warin man zafi, ga layin ban ɗaki ya miƙe har kwana. Aka busa usur, aka zuba. Hanyar ta haye gada zuwa ɗaya gefen kogi, ta zagaya can, sannan ta dawo ta gadar zuwa filin ƙarewa, wanda daga shi zuwa gidan Agogo tafiyar ƙafa ce kaɗan. Gadar kuwa an rufe ta ga kowace mota har yamma.

Rabin farko ya yi mata daɗi, gaskiya. Kofunan takarda na murƙushewa a ƙarƙashin takalma, masu ganga na kiɗa a gaban shagunan da aka rufe, wani ƙato da ya wuce ta da gudu tun da fari ta iske shi rungume da sandar fitila yana amai. Duk tabarmar da ta taka sai ta ce a ranta, yanzu Mai Giɓi ta ga na matsa.

Ta ɗan wuce rabi wayar da ke ɗamararta ta fara rawa. Ta ƙi ɗauka. Ta sake rawa, ta sake. Maƙwabciyarta ce, Maman 'Yan Biyu.

"Ke, kina ina? Sun zo! Baffan yarinya da wasu maza biyu. Suna ta ɗaure kayanta, har katifarta sun fitar. Motar kaya suke jira."

"Yarinyar fa?"

"Tana ɗaki, Gwaggo ta kulle ta. Na yi magana ya ce in kama kaina, ba dangina ba ne. Yana zaune a kujerarki yana kallon waya, ya ce wa mazan kada su yi gaggawa, kina da sauran tafiya."

Agogo ta tsaya cak, wani ya banke ta ta baya ya zage ta. Ta nufi ɗan sandan da ke tsaron shinge, numfashi na sarƙe mata, ta gaya masa za a tafi da 'yarta.

"Waye zai tafi da ita?"

"Baffanta."

"Baffanta? Haba baiwar Allah, wannan ai maganar gida ce. Matsa, kina tare wa mutane hanya."

Ta leƙa bayan shingen. Babu tasi, babu babur, sai 'yan kallo da tutoci. Ko da ta samu mota, ta ina za ta haye kogin? Hanya ɗaya ce tak zuwa gida, ita ce wadda take kai. Ta kai hannu za ta yage lambar don ɗigon ya mutu, sai ta tuna a bakin gada ana fitar da duk wanda ba shi da lamba. Ta bar ta a ƙirjinta, tana jin tsanarta kamar ta ɗauki kunama.

Ta kira Baffa tana gudu. Ya ɗauka a bugu na farko.

"Yaya, don Allah, don darajar ƙaninka, ku jira ni mu yi magana."

"A'a, ya kika tsaya waya? Ci gaba da gudunki mana. Ai shi kika zaɓa."

Ya kashe.

Daga nan Agogo ta lalace. Takun da ta yi shekaru tana ginawa ta watsar da shi, ta shiga gudun da Koci, mai horar da kulob ɗinsu, ya hana kowa yi a wannan nisa. Ta wuce teburin ruwa ba ta miƙa hannu ba, ta wuce na gaba. Ta wuce 'yan kulob ɗinsu biyu, ɗaya ya ɗaga murya, "Agogo, wa ya biyo ki? Za ki ƙone fa!" Kuma duk tabarmar da ta taka ta san ta aika wa Baffa saƙo da ƙafarta cewa tana matsowa, ya hanzarta. Tsoro ya kama ta, ga haushin kanta da ya fi tsoron ciwo.

A kan gada cinyarta ta dama ta ɗaure. Ta dunƙula hannu ta naushe ta, ta ci gaba tana jan ƙafa. Gishiri ya bushe fari a fuskarta, gumi ma ya daina fita. Farcen babban yatsa ya ɗaye a cikin takalmi, ta ji ɗumin jini, ba ta duba ba. 'Yan kallo kuwa abin ya burge su, suna ta tafi suna kiran lambarta.

Waya ta sake rawa. "Mota ta iso," in ji Maman 'Yan Biyu. "Suna lodi. Na zaunar da 'yan biyu a bakin ƙofar gida, na ce kada su tashi. Ki yi sauri."

Ta ƙetare layin ƙarewa ba ta ko kalli allon lokaci ba. Wata yarinya ta rataya mata lambar yabo a wuya, ta ture yarinyar, ta nufi shingen gefe inda ta san akwai lungun da ke ɓullewa unguwarsu. Ta ɗaga ƙafa za ta haura, ƙafar ta ƙi. Ta faɗi, ta tashi, ta sake kama ƙarfen. Sai ga masu agaji biyu sun riƙe ta ta hammata.

"Ku sake ni! 'Yata! Za su tafi da 'yata!"

"Sannu, sannu, kin gama. Babu sauran gudu."

Koci ya iso da gudu yana ɗingishi, fuskarsa kamar an ba shi kyautar mota. Tun da ya kafa kulob ɗin ba a taɓa samun macen da ta yi irin wannan lokaci ba.

"Kin san abin da kika yi kuwa? Kin karya tarihin kulob!"

"Koci, gaya musu su sake ni. Baffanta ya zo da mota."

Koci ya dubi masu agajin ya taɓa gefen kansa da yatsa. "Zafi ne. Bara ma wani namu ya ce shi jirgi zai kama. Ku sa mata ruwa."

Suka ɗora ta a gadon ɗaukar marasa lafiya suka shiga da ita tanti. Ta yi kokawa, amma me ya rage a jikin? Namiji ɗaya ya danne kafaɗunta, nas ta ɗaure hannun ta soka allurar ƙarin ruwa. 'Yan kulob suka taru a bakin tanti, wani ya ɗaga waya yana ɗaukarta tana ihu, wai za a sa a zauren kulob na waya a sha dariya.

Waya ta yi rawa a ɗamararta. Koci ya zaro ta ya ɗauka.

"Tana hutawa, Hajiya, a kira an jima. Yau ta fitar da mu kunya."

"Ba ni!" Agogo ta fizge da hannun da ba a ɗaure ba. Ta kara a kunne.

Maman 'Yan Biyu kuka take yi. "Sun tafi yanzun nan. Ta riƙe ƙyauren ƙofa, sai da suka ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya. Tana ta kiranki. Ban san inda suka nufa ba, wallahi ban sani ba."

Agogo ta sauke wayar a kan ƙirjinta. Ta daina fizge-fizge, ta daina magana, idonta a kan rufin tantin. Mutumin da ya danne ta ya ɗaga hannunsa a hankali, ya ga ba ta motsa ba.

Nas ta duba ledar ruwan, ta gyara mata lambar yabon da ta karkace a wuya, ta shafa goshinta.

"Yauwa, 'yar'uwa. Kin gani? Har kin daina sambatu."