Sai Yumɓu Ya Yi Shiru

Zubi na arba'in da ɗaya ma ya tsage. Ba irin tsagewar da ido ke gani ba ce. Sai an zuba wa faifan ruwa mai laka, a ga ya ɗigo ta ƙasa da lakarsa kamar ba a tace ba.

Ƙaramar Dakta ta ajiye faifan a kan tulin 'yan'uwansa. Faifai ne na yumɓu, faɗin tafin hannu, mai tace ruwan kududdufi ya koma na sha. Shekara shida ta yi a kansa a ɗakin binciken gwamnati, a can kuma bai taɓa ba ta kunya ba. Da cibiyar renon kamfanoni ta ɗauke ta, aka ba ta ɗaki a hawa na biyu, da sabon tanderu, da wata shida. Sharaɗi ɗaya ne: ta gasa zubi uku a jere masu kyau a nan, ba tare da hannun kowa daga tsohon wurin aikinta ba. In ta kasa, a ba wasu ɗakin, faifan ya koma kan kanta ya sha ƙura.

"Dakta, Juma'a kwamiti zai zo," in ji Hajiya, shugabar cibiyar, tana tsaye a bakin ƙofa. "Yau Litinin. A can wa ke gasa miki?"

"Baba Mai Tanderu. Amma takardar da yake bi ni na rubuta ta, Hajiya."

"Kin taɓa zama kin ga yana bin ta?"

Dakta ta girgiza kai.

"To ɗauki jakarki. Girman kan kuma, ki bar mini shi a nan, zan ajiye miki a durowa."

Ranar da ta bar ɗakin binciken, Farfesa, shugaban wurin, ya ce a gaban kowa wata uku ya ba ta ta dawo tana roƙon kujerarta. A gida ma Mama ta daina tambaya. Sai dai ta dubi yatsunta da suka sha ƙuna, ta miƙo mata man shafawa. Duk ta cije. Amma sake shiga ƙofar tsohon wurin aikin nan ya fi ƙunar ciwo.

Ta shiga kai a sama. A baranda wani ya ce, "A'a, masu kamfani! An zo ɗaukar ma'aikata ne?" Aka kwashe da dariya.

"Masu aiki nake nema, shi ya sa ban tsaya a nan ba," ta ce, ta wuce.

Ɗakin gashi yana can ƙarshen ginin, bangonsa ya yi baƙi. Baba yana zaune a kan benci, ya jingina kafaɗa da bango, kusa da tsohon tanderun da ya yi shekara talatin yana hurawa. Ya kashe wuta tun hantsi, faya-fayan wani bincike suna hucewa a ciki. Ta durƙusa ta gaishe shi.

"'Yata, kin rame. Kamfanin ba ya ba da abinci ne?"

"Baba, kallo na zo yi. Ka yi kamar ba na nan."

Ta zauna da takardarta. Mataki na tara ya ce a buɗe ƙofa idan allurar ma'aunin zafi ta sauko ɗari biyu. Allura ta sauko. Baba ko gezau, idonsa a lumshe. Minti goma, minti ashirin.

"Baba, ta wuce ɗari biyu fa."

"Wa?"

"Allurar."

"Oho, wannan. Iska take aunawa, ba cikin yumɓu ba. Ba kya jin har yanzu yana magana?"

"Wa ke magana?"

Ya tashi ya kashe fanka, ya nuna mata wurin da fenti ya goge a gefen tanderun, daidai tsayin kunnen mutum a zaune. Ta matsa. Da farko bugun zuciyarta kawai take ji. Can sai ga shi: ƙis. Siriri, kamar an ɗan taɓa kofin gilashi da farce. Ƙis, ƙis. Wani ya amsa daga can ciki, wani daga sama, faya-fayai sittin suna ta kiran juna a cikin duhu. Shekara shida tana auna wannan yumɓu, ta leƙa ƙofofinsa a madubin da ke mayar da gashi ɗaya kamar gungume, ta rubuta shafi ɗari uku a kansa, ba ta taɓa sanin yana da murya ba.

"Jikinsa ne ke tsukewa yana hucewa," in ji Baba a hankali. "In kika buɗe yana cikin magana, iska ta buge shi, ya tsage ta ciki. Sai ya yi shiru, ki ƙirga ɗari, sannan."

"Ikon Allah. Baba, me ya sa ba ka taɓa faɗa mini ba?"

"Kin taɓa tambaya? Takarda kike miƙo mini ta taga."

Kunya ta rufe ta. Suka zauna har ƙarar ta yi nisa da juna, ta koma ɗaya-ɗaya, ta ɗauke. Baba ya motsa leɓe yana ƙirge, ya buɗe. Ko ɗaya bai tsage ba.

Sabon tanderu bangonsa kauri gare shi, kunne ba ya ratsa shi. Washegari ta samo abin sauraron ƙirji irin na likitoci, ta ɗaure bakinsa a sandar ƙarfen da ke shiga ciki, ta haɗa shi da ƙaramar makirfo da kwamfuta. Kowane ƙis ya zama tsini a kan allo. Allura ta sauko ɗari biyu, allon kuwa cike da tsini kamar ciyawa. Ta zauna a kan hannuwanta don kada su kai ga ƙofa. Awa ɗaya da minti goma yumɓun ya ƙara yana magana.

Talata, Laraba, Alhamis, kowace rana zubi ɗaya.

Ranar Juma'a mutum huɗu na kwamitin suka zauna a ɗakin. Wani dattijon injiniya mai gilashi a kan hanci ya ce shi zai zaɓi faya-fayan da kansa, uku daga kowane zubi, daga ƙasan tuli. Da kansa kuma ya sauka ya ɗebo ruwa a kwatar bayan gini. Aka jera kofuna tara. Aka ɗora wa kowanne faifai, aka zuba ruwan.

Ɗigo na farko ya taru a ƙasan faifai, ya yi nauyi, ya faɗo, garau kamar hawaye. Na biyu, na uku, har tara. Aka auna, injiniyan ya duba lambobin sau biyu, ya cire gilashinsa ya goge.

"Malama, me kika sauya a kwana huɗu?"

"Mataki na tara, ranka ya daɗe. Kuma ba nawa ba ne, na mai hura tanderu ne a tsohon wurin aikina. Sunan mai shi zai shiga takardar mallakar fasahar kafin in sa hannu a komai."

"Ma'aikacin tanderu? Ba a saba ba."

"To a fara yau."

Ya dube ta, ya dubi kofunan. Ya ɗauki na bakwai ya shanye tas, ya jawo takardar gabansa.

"Ɗakin naki ne," ya ce. "Faɗi sunan, ina rubutawa."