Rabin Baiti a Kan Benci

Lorna Tibbets ta tsufa tana koyar da rubutun waƙa a makarantar garinsu, can bakin kogin Ohio. Littattafanta kuwa, ko maƙwabta ba su cika buɗewa ba. Da ta yi ritaya sai mutanen gari suka ce za su karrama ta da bencin dutse a bakin ruwa, a sassaƙa baitinta a jiki.

Baitin a kan wanta ta rubuta shi, wanda kogin ya ci tun tana budurwa. Cewa ta yi: "Kogi yana dawo da duk abin da ya ɗauka, in ji maƙaryata."

Ranar buɗewa aka yaye ƙyallen da ya rufe bencin, Lorna ta gyara tabarau. Rubutun ya tsaya a kan "ɗauka", sai sunanta a gefe. Ta leƙa bayan bencin, ba komai.

Mai sassaƙar, Dwayne, tsohon ɗalibinta ne, yanzu har da furfura. Ta same shi wajen teburin kofi, baki cike da kek ɗin tuffa.

"Dwayne, ina sauran?"

Ya ce dutsen ne gajere, kuma kwamiti ya ga ƙarshen bai dace da wurin da yara ke wasa ba.

"Tun kana aji kake barin aiki rabi. Ka mayar da ni cikin maƙaryatan, ka sani?"

"Haba Malama, ai ke kika koya mana yanke kalmar da ba ta da amfani."

Ta ce masa gobe ya zo da kayan aikinsa, ko ya ƙarasa ko ya kankare sunanta. Ta nufi wajen lasifika, niyyarta ta karanta baitin cikakke kowa ya ji.

Kafin ta kai, Doreen mai wankin kai ta riƙo hannunta. Ita ce wadda ɗanta ya nutse bara. Tana zaune a bencin tana shafa haruffan. Ta ce tun rasuwar ba ta iya kallon ruwan nan ba sai yau, ta tambaya ko haka baitin ya ƙare.

Lorna ta dubi kogin, ta dubi Dwayne yana karkaɗe gemu.

"Matsa min, Doreen," ta ce. "Ƙafafuna sun gaji."

Ta zauna daidai kan sunanta, ta rufe shi ruf.