Ƙullin Leda a Katangar Hatta

Hannun Ɗalhatu na cikin ramin katangar gonar dabino lokacin da ya ji an kashe mota a bayansu. Budurwarsa Najiba ba ta ji ba, idonta na kan wayarta, inda kibiya ke nuna sun iso.

Ita ta koya masa wasan, geocaching: wani ya ɓoye ƙaramin akwati, ya sa lambobin wurin a intanet, masu nema su bi da waya. In ka ɗauki abu, sai ka bar wani. Wannan na bakin ƙauyen Hatta, nan ƙasar Larabawa, wani masoyin folk rock ne ya ajiye shi, kiɗan jitar nan mai kama da waƙar makiyaya da aka jona wa lantarki. Irin kiɗan nan Najiba take so, shi suka sha a mota tun daga unguwar Ras Al Khor, har yayanta Fahad ya ce kansa ya yi ciwo, su hau tudun su kaɗai, yana mota.

Wani dattijo ne ya sauko daga akori-kura, cikin farar jallabiya, da waya a hannu. Bai yi sallama ba. Da Larabci ya ce a ajiye akwatin a ƙasa, kada wanda ya motsa.

Ɗalhatu ya ajiye akwatin. Duk wanda ke aiki a tashar jiragen ruwa ta Jebel Ali kamar shi ya ji labarin masu ƙwaya, yadda suke binne kaya su tura wa mai saye lambobin wurin. Ga shi baƙo, ga waya, ga rami. Kira ɗaya ya isa a soke masa biza.

Najiba ta yi ta bayani da Larabcin da ta koya a asibitin da take aiki. Ta buɗe akwatin ta nuna masa tsinkayen kaɗa jita da wata 'yar sarewar baki. Dattijon bai ko kalle su ba. Ya nuna Ɗalhatu, ya ce wannan ya zo Juma'ar da ta wuce, shi kaɗai, yana waige-waige, ya cusa wani ƙulli. Daga cikin gona ya gan shi. Ga ƙullin can a ƙasan akwatin, na baƙar leda.

A hankali Najiba ta juyo.

"Ai ka ce mini ba ka taɓa zuwa nan ba."

"Najiba, don Allah..."

Ta ja da baya. Wannan takun ya fi yi masa zafi fiye da lambar 'yan sanda da dattijon ya fara dannawa.

"Baba, shwaiya, a hankali," in ji Ɗalhatu. "Kwance ƙullin da hannunka. In abin da kake zato ne, ni zan kira su."

Ƙullin ya yi tauri, sai da dattijon ya sa haƙori. Zoben azurfa ya faɗo tafin hannunsa, an zana ƙaramar jita a jikinsa.

Ya daɗe yana kallon zoben, sannan ya sa wayar a aljihu. Ya tambaya ko a ƙasarsu haka ake neman aure, a ramin katanga kamar ƙadangare. Yarinyar ba ta da uba ne? Ya mayar da zoben cikin akwatin, ya ce khalas, shi ke nan, ya shiga motarsa.

Ƙurar motar ta lafa. Ɗalhatu ya kasa ɗaga kai. Mako guda yana shirya kalamai, yanzu ko ɗaya babu.

Ta durƙusa ta ɗauki zoben. Ba ta sa ba, ta ƙulle shi a bakin mayafinta. Sannan ta ɓalle jan tsinken jitar da ke jikin makullanta tun tana makaranta, ta jefa cikin akwatin, ta rufe.

"Dokar wasa ce," ta ce. "Yalla, mu sauka. Kai za ka faɗa wa Yaya Fahad, da bakinka."