Wayar Ƙofar Akurki

Duk wanda ya san Don Eleuterio Barragán ya san abu biyu ne ba a taɓa masa: tsohuwar bindigar da ya gada wurin ubansa, da baƙin karensa Tizón. Matarsa Nélida kan ce ita ce ta uku, shi ma sai ranar da bai tashi da ciwon baya ba.

Tumakin mai gona yake kiwo a yammacin ƙauyen Quehué tun yana da baƙin gashi. Lokacin haihuwar tumaki aladun daji kan fito daga kurmin kalden, wata bishiya mai ƙaya, su bi jarirai suna ci, shi kuma aikinsa ne ya tare su. A da harsashi ɗaya ya ishe shi. Amma ido ba ya shawara da mai shi in zai gaza. Bara ya hangi wani ƙaton alade, ya ɗana, ya harba, harsashin ya tafi neman wani abin daban. Tizón da ya saba in bindiga ta yi magana aiki ya ƙare, ya ruga da gudu, aladen ya tarbe shi da haure ya farke masa kafaɗa. A kan teburin cin abinci Nélida ta ɗinke shi da allurar buhu, Eleuterio na riƙe da kan karen yana kallon bango.

"Tsoho," ta ce masa tana wanke hannu, "kai ne ke kuskure, shi ke biya. Wata rana gawarsa za ka kawo mini."

Maganar ta zauna masa a ƙirji, amma taurin kai bai bar shi ya yarda ba. 'Yarsu da ke birnin Santa Rosa ta aiko masa da madubin hange irin wanda ake ɗora wa bindiga, ya ajiye shi a kwalinsa saman kabad, ya ce ubansa bai taɓa leƙa kwalba ba kafin ya yi harbi. Sai da tumaki suka soma haihuwar bana, aka wayi gari da ƙafafun ɗan rago kawai a bakin shinge, sannan ya sauko da kwalin ba tare da ya kalli matarsa ba. Ita kuwa ta ɗauko jakarta ta riga shi shiga a-kori-kura.

Mai gyaran bindiga a garin General Acha abokinsa ne tun suna samari, Anselmo Kloster, wanda kowa ke kira Ruso saboda jan gashin kakanninsa, ko da yake shi yanzu ko silin gashi babu a kansa.

"A'a, makaho ya yarda da sanda ke nan?" in ji Ruso da ya ga kwalin. "Doña Nélida, me kika zuba masa a abinci?"

"Rufe mana baki, mai sanƙo," in ji Eleuterio. "Ɗora mini abin nan mu tafi, ina da tumaki."

"Ɗorawa ba wuya. Da me zan riƙe shi, ita ce maganar."

Ya zube mariƙai iri biyu a kan benci. Na farko zobba ne masu noti, in an ɗaure sun ɗauru ke nan, sai da sukundireba. Na biyu kuma zobban ƙarfe ne masu ɗan hannu a gefe, kowanne da nasa. Ruso ya kafa su a wata bindiga ya nuna masa: babban yatsa ya ture hannu ɗaya, ya ture ɗayan, madubi ya fita a tafin hannu kamar an cire murfin tukunya.

"Wannan na 'yan birni ne," in ji Eleuterio. "Abin da yatsa ya buɗe, reshe ma zai buɗe shi. Ba ni mai noti."

"Mai noti na wanda ke zaune a kan hasumiya ne yana jiran barewa ta zo shan ruwa. Kai fa? Ka harbi alade a fili, bai mutu ba, ina yake nufa?"

"Kurmi."

"Wa ke bin sa?"

Nélida ce ta amsa daga kujerar da take zaune. "Tizón."

"To ka ji. A cikin sarƙaƙiya madubin nan ba zai nuna maka komai ba sai ganye da gashi, ba za ka san gashin wa kake gani ba. Nan ƙarfen saitin da ke jikin bindigar ubanka kake bukata, kuma a kusa haka ko kai ma kana gani. Zan sa maka gindi gajere yadda in ka cire madubin ba abin da zai tare maka ido. In za ka mayar, ka tura shi gaba sai ya tsaya, sannan ka kulle. In ka yi haka inda ka bar saitinka nan za ka same shi."

Suka fita bayan shago aka gwada. Aka cire, aka mayar, aka harba, harsasai suka taru wuri guda a jikin gwangwanin mai. Eleuterio ya leƙa madubin ya ga har rubutun jikin gwangwanin, abin da rabonsa da gani daga nesa haka ya manta. Daɗi ya kama shi, amma ya haɗe rai don kada Ruso ya samu abin faɗa.

Ruso ya raka su har bakin mota, ya dafa ƙofa. "Abu ɗaya, kuma a gaban matarka nake faɗa. Na san ku mutanen daji. Kada ka ɗaure mini shi da waya."

"Ni yaro ne?"

"Da yaro ne ai da sauƙi."

Ruso ya san abin da yake faɗa. A wannan yanki babu abin da ba a ɗaurewa da waya. Ƙofar shinge waya, salansar mota waya, hannun buta waya, har tabarau ɗin limamin coci an taɓa gani da waya. Mutum bai yarda abu ya ɗauru ba sai ya ga ya murɗa masa waya da hannunsa. Kuma ba mai zuwa ya yanko sabuwa matuƙar akwai tsohuwa kusa, ko da tana kan wani aikin.

Hali kuwa zanen dutse ne. Da yamma Eleuterio ya zauna a inuwa da bindigar a cinya yana ture hannayen nan da yatsa, suna buɗewa, yana kullewa. Sauƙin abin ne ya hana shi sakat. Ya tuna ƙayar kalden, ya tuna yadda doki ke girgiza kaya. Ya waiga, ga wata waya mai laushi da ke riƙe da ƙofar akurkin kaji. Ya kwance ta, ya naɗe hannayen biyu tam, ya murɗe da filaya har sai da bakin wayar ya kwanta. Ya yago tsumma ya naɗe wurin, wai maganin ƙura, alhali don kada a gani ne. Ya rataye bindigar a ƙusarta can sama da gado, ya tokare ƙofar akurkin da dutse.

Washegari kaji suka ture dutsen suka shiga lambun Nélida, suka yi wa shukar alayyahunta aski. Ta fito tana kora da tsintsiya.

"Wane mara aikin yi ne ya kwance mini waya?"

Eleuterio ya tsura wa ƙoƙon shayinsa na ganyen mate ido, ya zuƙa har ya yi ƙara. "Wataƙila dila."

"Dila mai filaya," in ji ta.

Ya yi kunnen uwar shegu, ya ɗaura sirdi ya tafi zagayen shinge. Da ya dawo da la'asar kaji na kulle, bai tambayi da me aka kulle su ba.

Washegari da sassafe ya fita a kan doki, raɓa ta daskare a kan ciyawa, Tizón na gaba yana ɗingishinsa na bara. A gangaren da ke kusa da tafki suka same shi, ƙaton alade baƙi, kansa a cikin ɗan rago. Eleuterio ya sauka, ya dogara bindigar a kan gungume, ya leƙa. Ga aladen nan kamar ya miƙa hannu ya taɓa. Ya ja kunama daidai lokacin da dabbar ta juya, harsashin ya same ta baya da inda ya so. Aladen ya faɗi, ya tashi, ya ja jiki ya faɗa kurmi. Kafin Eleuterio ya buɗe baki Tizón ya bi shi.

Ya kutsa bayansu ƙaya na yagar rigarsa. Haushin karen ya tsaya wuri ɗaya, sai kuma ya koma kuka. Da ya ratsa wani reshe ya gan su, taku kaɗan tsakaninsu da shi. Aladen ya matse Tizón a gindin bishiya, suna ta juyi, baƙi a kan baƙi. Ya ɗaga bindiga ya leƙa madubi, bai ga komai ba sai gashi yana wucewa, kamar yadda Ruso ya faɗa.

Sai ya tuna da wayar. Filaya na can a jakar sirdi, doki na can bakin kurmi, kuma shi da hannunsa ya murɗe ta yadda farce ba zai kwance ba. Wanda bai ji bari ba ya ji hoho, sai dai wannan karon ma ba shi zai biya ba. Ya fizge tsumman da haƙori, yana shirin ya ja wayar ko da za ta yanke masa yatsa.

Babu waya. Hannayen ƙarfen na nan tsirara, sai ɗan karcen da ta bari.

Bai tsaya tambaya ba. Yatsa ya ture na gaba, ya ture na baya, madubin ya faɗo a tafinsa ya sake shi cikin ciyawa. Ga tsohon ƙarfen saiti, ga kafaɗar aladen fili guda. Ya jira karen ya zame ƙasa, ya harba.

Da kurmin ya yi tsit ya durƙusa. Cinyar Tizón ta tsage, jini na zuba, amma cikinsa lafiya, har yana ƙoƙarin lasar hannun ubangidansa. Eleuterio ya ɗaure raunin da tsumman nan. Ya tsinci madubin ya goge, ya tura shi gaba sai da ya tsaya, ya kulle. Ya ɗora karen a gaban sirdi suka kamo hanya a hankali. Tsoho ne da ba ya kuka, amma a hanyar nan ya gode wa Allah da baki, ya gode wa mai sanƙon General Acha, sauran godiyar kuma ya riƙe ta sai ya isa gida.

Ta gaban akurki ya bi. Wayar na nan a ƙofar, da sauran lanƙwasar da filayarsa ta yi mata.

Nélida ta share tebur, ta zare allura. Yana riƙe da kan karen, amma yau ba bango yake kallo ba.

"Tsohuwa," ya ce, "akwai naɗin waya guda a rumfar kaya. Sabuwa."

"Na sani."

"Bindigar kuma sai an taka kujera ake kai gare ta. Da gwiwar nan taki."

Ta ja zare ta ƙulla. "Waccan ce ta saba da ƙofar."

"Har da mayar da tsumman."

"Ka ce maganin ƙura ne. Riƙe shi da kyau, yana motsi."

Da ta gama ta tafi wanke hannu. Tunda suka yi aure ita ke dafa ruwa, ita ke cika ƙoƙon mate ta miƙa masa, shi nasa zuƙa ne da ƙorafin ya huce. Ta juyo ta tarar ya ɗora buta a wuta, yana ta laluben inda ake ajiye ganyen. Ta nuna masa da haɓa. Ya cika ƙoƙon, ya zuba ruwa har ya malalo a yatsunsa, ya shanye na farko mai ɗaci kamar yadda mai haɗawa ke yi, ya sake cikawa, ya miƙa mata da hannu biyu.

"Na gode, Nélida."

Ta karɓa ta zuƙa, ta yamutsa fuska. "Ka bar ruwan ya tafasa, ka ƙona ganyen."

Tizón ya buga wutsiya a kan tebur. Ta shanye har ƙoƙon ya yi ƙara, ta miƙa masa ya ƙaro.