Labarin Tambaya da Mutuwar Ɗan Saude

A shekarar da aikin hanyar jirgin ƙasa ya wuce Tsafe ya doshi Gusau, akwai wasu 'yan Kirista ƙalilan cikin leburori. Babbansu shi ne Jatau, Bamagujen gindin dutsen Tsafe, wanda ya karɓi addinin a wajen Zariya, ya koyi karatu da ƙyar. Ran Lahadi sukan taru a inuwar wata ɗorawa, ya karanta musu Maganar Allah yana tuntuɓe da kalmomi, wasu na gyangyaɗi.

Sai aka kawo musu Tambaya, mai fasa dutse, wanda Allah ya yi wa baiwar baki. Shi ba ya karatu, amma da Jatau ya rufe littafi sai a juya gare shi. Ya ƙago labarin wata mata mai bangaskiya da annoba ta shiga garinsu, ta share gidaje, amma ta tsallake ƙofarta, don mala'ika na tsaye a bakin zaure. Maƙwabciyarta kuwa ta binne 'ya'yanta duka, daga baya aka gano tana ɓoye da shakka a zuciya. Kowane mako yakan ƙara wa labarin gishiri. Mata na kuka, maza na jinjina kai.

Wata rana Jatau ya tare shi a hanyar rafi. "Tambaya, labarin nan naka ba daga Littafi yake ba. Ubangijinmu da kansa ya sha wuya, ya yi kuka a bakin kabarin abokinsa. Ina aka ce mai bangaskiya ba ya rasa ɗa?"

Tambaya ya yi dariya. "Malam, ai ƙarfafa musu zuciya nake yi. Kai kana karantawa suna barci."

Ranar Lahadi Jatau ya maimaita gargaɗin a gaban kowa. Wani ya ce hassada ce. Abin da ya fi cin Jatau, matarsa Saude na cikin masu neman a ci gaba da labarin. Ta haddace shi tsaf, tana gaya wa ɗansu Usman in tana yi masa wanka.

Da zafin bazara ya yi tsanani, sanƙarau ya shiga sansanin leburorin. Wuyan Usman ya ƙage. Saude ta durƙusa tana addu'a ba ci ba sha, tana cewa mala'ika na bakin ƙofa. Yaron ya cika da hantsi, rana ta uku.

Bayan an binne shi, matan da suka saba zuwa daka tare da Saude suka ɗauke ƙafa. Ba wadda ta faɗa mata magana, amma ta ga yadda suke kallonta. Ta ce wa mijinta, "Ni na kashe shi. Akwai shakka a cikina, ban sani ba."

"Saude, labarin nan ƙagen mutum ne. Tambaya ya ƙirƙira shi yana fasa dutse."

"To, me ya sa ɗan maƙwabciyarmu Hauwa'u ya tashi, nawa bai tashi ba?"

Jatau ya ɗauko littafin zai karanta mata, ta juya fuska ga bango.

Ya je ya sami Tambaya, ya roƙe shi ya zo ya gaya mata da bakinsa. Tambaya ya zo, ya tsuguna a ƙofa, idonsa ya yi ja. "Inna Saude, labari ne kawai, ni na shirya shi."

Ta dube shi ta ce, "Tausayina kake ji."

Kafin damina ta kwashe kayanta ta tafi wurin gwaggonta a Furfuri, ta wajen Bungudu. Jatau ya bi ta da ƙafa. Tsohuwar ta fito ta ce Saude na nan, amma ba ta addu'a ta kowace iri, ba ta son a ambaci sunan Allah a kusa da ita, wai ba ta cancanta ba. Jatau ya zauna a bakin dangar gidan har la'asar, yana jin tarinta daga cikin ɗaki. Ba ta fito ba.