Sama'ilu da Tsanin Tunau

Sama'ilu manomin gero da gyaɗa ne a ƙauyen Tsamiyar Kwando, can bayan Dawakin Tofa, inda gonaki ke manne da juna har mutum bai san inda wannan gari ya ƙare wancan ya fara ba. Ya ba hamsin baya, kuma ba a taɓa jin ya yi gardama da kowa ba. Ko ce masa aka yi rana ta faɗi a gabas, sai ya ce Allah mai iko, ya wuce. Matarsa Aina'u takan ce a gidan nan ita ke yin faɗan, ita kuma ke ba kanta haƙuri.

A bazarar da abin ya faru, Malam Abdulkabir ya bar aikin koyarwa ya dawo gida. Ya daɗe yana koyar da adabi a wata sakandare, kuma bakinsa bai saba da zama shiru ba. Da yake babu aikin gona, sai ya riƙa fitowa bayan la'asar da wani tsohon littafi wanda bangonsa ya daɗe da rabuwa da shi, ya zauna gindin darbejiyar masallaci yana karanta wa dattawa. Ya ce littafin ya girmi duk wanda ke wurin, kuma manyan malamai sun yi rubutu a kansa.

Labarin wani mutum ne mai suna Tunau. Wata rana Tunau ya shiga kasuwa ya sayi tsani, ya saɓa a kafaɗa, bai ƙara ajiye shi ba sai in zai yi salla ko barci. Ya yi ta yawo da shi gari gari har ya tsufa. Bai taɓa hawa ba, bai taɓa ba kowa aro ba. Ban da wannan, ba shi da abin zargi: yana gaida mutane, yana sasanta masu rigima, yana zumunci. Haka ya mutu, marubucin bai faɗi dalili ba.

Ranar da aka kai ƙarshen littafin, Alhaji Gana mai shagon taki ya yi dariya ya ce ashe duk tarihin mahaukaci aka zaunar da su suna ji. Alhaji Gana jikan Barebari ne da suka daɗe da zama a ƙauyen, mutum ne mai kirki, sai dai in ya faɗi magana yana so ta zauna. Mutane suka gyaɗa kai. Sama'ilu kuwa sai ya ji kamar an zagi ƙanin mahaifinsa. Tun da aka fara karatun yake kwana da Tunau a rai, yana tausayin kafaɗarsa, yana jin daɗi duk lokacin da wani gari ya karɓe shi da kyau. Bai san lokacin da bakinsa ya buɗe ba. Ya ce Tunau da hankalinsa, don bai taɓa jifan kowa ba, bai taɓa fita tsirara ba, bai taɓa barin salla ba.

Kowa ya yi mamaki, domin ba a san muryar Sama'ilu tana kaiwa nan ba. Alhaji Gana ya juyo ya dube shi da kyau.

“To Malam Sama'ilu, kai da kake da hankali, za ka iya ɗaukar tsani kamarsa?”

“Zan ɗauka, Alhaji.”

Maganar ta fita a gaban jama'a, babu yadda za a mai da ita. Washegari ya ciro tsanin gwangwala da ke jingine bayan rumbunsa, ya kakkaɓe shi, ya saɓa, ya fita.

Nan ya gane akwai abubuwan da littafin bai faɗa ba. Bai faɗi yadda Tunau ke fita ta ƙofar zaure ba, ko yadda yake juyawa a lungu. A ranar farko Sama'ilu ya waiwaya don ya amsa gaisuwa, sai ƙarshen tsanin ya ɗauke rawanin Liman ya ɗora shi a kan danga. Babu ɗan acaɓan da ya yarda ya ɗauke shi, saboda haka ranar kasuwa da ƙafa ya je Dawakin Tofa, ya sayo gishiri da barkono, ya dawo. Ya je suna da tsanin, ya je gaisuwar rasuwa da shi, yana gaida kowa da ladabi fiye da da, don kada a sami abin faɗa a kan Tunau.

Aina'u ta bar shi da tsaninsa da fari. Sai wata rana da ya jingine tsanin zai yi azahar, ya fito ya tarar ta shanya zannuwa a kai. Ya ce ta kwashe. Ta ce ita a labarin da ya ba ta, hawa da aro aka hana, ba ta ji an ambaci shanya ba. Da suka kasa daidaitawa, Sama'ilu ya kai maganar wurin Malam Abdulkabir. Malam ya sa tabarau, ya bi littafin shafi shafi har magariba ta kusa, sannan ya ce gaskiya babu inda aka hana. Daga ranar, in Sama'ilu zai fita da sassafe, wani lokaci sai ya jira kaya sun sha iska.

Ƙauye ya rabu biyu. Wasu suka ce ga shi nan a fili, Sama'ilu mai hankali ya ɗauki tsani bai canza ba, saboda haka Tunau ma lafiyarsa ƙalau. Wasu suka ce a'a, ai littafin ne ya haukata Sama'ilu, kuma wannan ya isa shaida a kan Tunau. Masu shan shayi suka raba benci. Mata suka ɗauki maganar zuwa wurin daka da gidan kitso. Malam Abdulkabir, wanda aka zata zai raba gardamar, sai ya ce ko a jami'a ba a gama ta ba, ya koma gefe yana murmushi, domin tun da yake koyarwa bai taɓa samun ajin da ya kula da darasi haka ba.

Da hadari ya fara tasowa daga gabas, kowa ya tashi gyaran rufi. Tsani ya yi wuya a ƙauyen, ga kuma ɗaya yana yawo a kafaɗar mutum daga safe zuwa yamma. Aka yi ta zuwa aro, Sama'ilu yana ba da haƙuri. Abin yana damunsa ƙwarai, don shi mutum ne da ko rigar wuyansa aka roƙa zai tuɓe. Har wata tsohuwa ya hana, ya koma gida ya kasa cin tuwo.

Shi ma soronsa na buƙatar yaɓe. Aina'u ta nuna masa tsagar, ta ce in ruwa ya zubo mata a kan gado za ta san wanda za ta kama, kuma ba Tunau ba ne. Sama'ilu ya yi tunani, ya ga mafita ɗaya ce. Ya tafi gidan maƙwabcinsa Hashimu da tsani a kafaɗa, ya yi sallama, ya ce aron tsani ya zo. Hashimu ya daɗe yana kallonsa, sannan ya shiga ya fito masa da shi. Sama'ilu ya dawo gida da tsani biyu, ya kafa na aro, ya hau da nasa a saɓe, ya zauna a kan soro yana yaɓe da hannu ɗaya. Duk wanda ya fito ƙofar gidansa ya gan shi.

Wannan ne ya sa har magoya bayansa suka yi sanyi. 'Yan'uwansa suka zauna, suka yanke a kai shi asibitin masu taɓin hankali a duba. Sama'ilu bai ƙi ba, ya ma ji daɗi, don yana ganin in likita ya wanke shi, ya wanke Tunau ke nan. Sharaɗinsa kawai a tafi da tsanin. Aka samo a-kori-kura, ya zauna a baya yana riƙe da shi. Alhaji Gana ya ce zai bi su don ya ji da kunnensa, Malam Abdulkabir kuma ya sa littafin a aljihun babbar riga ya hau.

Likitar da suka samu mace ce, Dakta Tahira, mai sanyin magana. Tsanin bai shiga ofishinta ba, sai ta sa aka fito mata da kujera baranda. Ta tambaye shi sunansa da na garinsu, da watan da ake ciki, da ko yana barci, da ko yana jin wasu muryoyi. Ya ce muryar Aina'u kawai. Ta tambaye shi dalilin tsanin, ya ba ta labari tun daga gindin darbejiya. Ta ce to ya ya ji da ya ɗauka.

Sama'ilu ya nemi gaskiyar abin a ransa. Ya ce kafaɗarsa na ciwo. Ya ce amma tun yana yaro kowa ke aikensa, kowa ke shiga gabansa a layi, yanzu kuwa tun daga nesa ake ba shi hanya, kuma in ya yi magana ana tsayawa a ji, ko da don a san inda zai juya. Bai taɓa faɗa wa kowa wannan ba, shi kansa sai da ya faɗa ya san haka ne.

Dakta Tahira ta ce ita ba ta ga abin da zai sa a kwantar da shi ba. Ta rubuta masa man shafawa, ta ce ya riƙa sauya kafaɗa. Sai Alhaji Gana ya matso ya ce ranki ya daɗe, ai ba wannan ne marar lafiyar ba, asalin marar lafiyar Tunau ne, a kansa suke son hukunci.

“To ku shigo da shi,” in ji ta.

Malam Abdulkabir ya zaro littafin ya miƙa mata da hannu biyu. Ta dube shi, ta dube su ɗaya bayan ɗaya, kamar tana lissafin gadajen da suka rage. Ta ce ba ta saba duba wanda bai zo da kansa ba, amma su bar mata shi ta gani.

Bayan wasu kwanaki wani ma'aikacin asibitin, ɗan ƙauyen da ke kusa da su, ya kawo labari. Ya ce Dakta Tahira ta karanta ta ce Tunau lafiyarsa lau, baƙin ciki ne kawai da bai sami wanda zai faɗa wa ba. Babban likita ya karɓa ya karanta, ya ce sam, ya faɗi sunan cutar da Turanci. Ma'aikatan jinya sun rabu biyu, kuma akwai wani mai gadi da ya daina gaida wani. Sama'ilu da Alhaji Gana kowannensu ya ce asibiti ya goyi bayansa.

Ana haka ruwan shuka ya sauka. Sama'ilu ya fita gona da sungumi da tsani, Aina'u na biye da ƙwaryar iri. Ya gwada sara da hannu ɗaya, ramukan suka riƙa fita a karkace, tsanin na dukan ƙeyarsa. Maƙwabta suka gama kadada suka shiga wata, shi bai kai rabin kunya ba. Aina'u ta ajiye ƙwaryar ta ce masa, ba da faɗa ba, ita dai a duk labarin ba ta ji inda aka ce Tunau na da gona ko 'ya'ya ba. Sama'ilu ya tsaya yana kallon ƙasar da ta jiƙa tana ƙamshi. Ya tafi bakin iyaka, ya jingine tsanin a jikin ɗorawa, ya dawo ya kama sungumi da hannu biyu.

Da yamma ya shigo gari kafaɗa wayam, ya shirya amsar da zai bayar. Babu wanda ya tambaye shi. Kowa ya gaji, kowa maganar iri da taki yake yi. Wani ma ya bangaje shi a ƙofar masallaci bai ko waiwayo ba. Abin ya yi masa zafi fiye da duk dariyar da aka yi masa a baya.

Alhaji Gana ne kaɗai ya lura. Da Sama'ilu ya je shagonsa, ya leƙa bayansa ya ce ina kayan. Sama'ilu ya ce yana gona, kuma kada Alhaji ya ɗauka ya janye maganarsa. Alhaji Gana ya ce shi ma bai janye tasa ba. Sannan ya jawo masa kujera, abin da bai taɓa yi ba, ya fasa goro ya ba shi rabi, suka ci gaba daga inda suka tsaya. Tun daga lokacin kusan kullum sai sun zauna, har masu sayen taki sukan gaji da jira su tafi.

Damina ta yi kyau a shekarar, geron Sama'ilu ya cika rumbu har ya yi saura. Kafaɗarsa ta dama dai ba ta koma daidai ba, ta ɗan sauka. Da ya kai ɗinkin babbar salla, tela ya auna shi, ya sake aunawa, sannan ya tambaye shi ko a rage hannu ɗaya ne ko a bar shi haka. Sama'ilu ya ce a bar shi haka.