Shatin Waya a Hannun Haleema

Kafin Malama Talatu ta juyo daga teburin da take dubawa, Haleema ta riga ta ɗaga kujerar ƙarfe ta maka wa Edna, 'yar ajinsu, a gefen kai. Edna ta zube. Jini ya biyo kitsonta yana ɗiga kan kwalin da suka zana kogin Potomac a kai. Ɗaliban, 'yan aji na bakwai, suka watse da ihu, wasu na hawa tebura.

Talatu ta kutsa ta rungume Haleema ta baya. Yarinyar ta yi ta fizga kamar wadda aka watsa wa tafasasshen ruwa, ta kai gwiwar hannu ta fasa wa malamar leɓe. Talatu ta ji gishirin jini a bakinta, amma ba ta saki ba.

"Na ce kar ta taɓa ni!" Haleema ke ihu da Turanci. "Na gaya mata!"

Edna kuwa ba abin da ta yi illa kama hannunta don ta jawo ta gaban aji su gabatar da aikinsu.

Cikin kokawar, hannun rigar Haleema ya zame sama. Talatu ta ga shatin wayar lantarki layi-layi har zuwa kafaɗa, wasu sun yi baƙi, wasu ɗanyu suna tsatsafar da ruwa. Haleema ta ga inda idon malamar ya tsaya, sai jikinta ya saki. A karo na farko ta yi mata magana da Hausa, murya ƙasa-ƙasa.

"Malama, don Allah kar ki faɗa. Baba zai kashe ni."

* * *

Bayan an tafi da Edna asibiti, Talatu ta zauna ita kaɗai a ajin, ƙanƙara dafe a leɓenta.

Shekara tara ke nan tana koyarwa a wannan makaranta ta kusa da Takoma Park a Amurka, inda malami ba ya kafewa gaban allo yana zuba. Yara ke zaɓen aikinsu, su haɗu rukuni-rukuni, malami ya zagaya yana saurare yana tambaya. Ta so tsarin ƙwarai, domin ita a Zariya da dorina ta koyi lissafi.

Tun farkon zango Haleema ta zaɓi lungu. Cikin zafin Satumba ma rigar sanyi take sawa. Wasu ranakun a tsaye take rubutu, ta ƙi zama. Talatu ta bar ta, har ta rubuta a rahoton yarinyar cewa tana da dogaro da kai, ta san yadda take son yin aikinta. Yanzu ta gane abin da ke hana ta zama. Wata biyu tana zagaya teburin nan, ba ta taɓa durƙusawa ta tambaye ta lafiya ba.

Doka ta ɗora wa kowane malami kai wa hukuma rahoton irin abin da ta gani. Amma ta san uban. Alhaji Abdul-Shakur ne, direban tasi ɗan Kumasi, masallaci ɗaya suke zuwa. Matarsa Salimatu mai jinyar tsofaffi ce, ita ta kawo wa Talatu farfesu lokacin da ta haihu.

Ta daɗe tana kallon wayar tarho da ke kan teburinta. Sannan ta ɗaga ta buga wa ma'aikatan kula da yara.

* * *

Kwana huɗu bayan ma'aikatan kula da yara sun ɗauke Haleema, Talatu ta fito bayan an tashi daga makaranta ta tarar da tasi ta tare mata mota. Alhaji Abdul-Shakur ya fito, idanunsa jajur.

"Ina wuni, Alhaji."

"Ke ce ko? Ke Musulma, Bahaushiya, ki kai ni wurin Turawa?"

"Alhaji, na ga jikinta da idona."

"'Yata ce! Ni haka aka yi min, na lalace? Ke ba a dake ki ba?"

"An dake ni. Har yau ban manta ba."

Marin da ya ɗauke ta da shi ya jefa ta jikin motar, gyalenta ya faɗi, kunnenta ya ɗauki ƙara. Ya koma but ɗin tasi ya zaro ƙarfen kwance taya. Ta kare kanta da hannuwa, sai ya sauke shi kan gilashin motarta, ya sake, ya sake, ɓarɓashi na zuba a kan takalmanta. Yaran da ke jiran bas suka yi ta kururuwa. Sai da masu gadi biyu suka danne shi ƙasa, kumatunsa manne da kwalta, yana kiran sunan 'yarsa.

* * *

Edna ta koma aji da ɗinki bakwai. Haleema ba ta dawo ba. An ba wasu iyali riƙonta a wata unguwa, aka sauya mata makaranta. Alhaji ya fito beli yana jiran kotu.

Ranar Babbar Sallah, Talatu ta kai kular waina ɗakin taron da jama'ar masallacinsu suka kama haya. Ta gaisa da mata, suka amsa a daƙile suna gyara wa 'ya'yansu zama nesa da ita. Ta ji wata na cewa ita ce mai raba ɗa da mahaifi.

A bakin famfon alwala Salimatu ta tsaya kusa da ita. Ta janyo gyale ta rufe rabin fuska, amma bai ɓoye idon da ya kumbura ya rufe ba.

"Malama, kin ji labarinta? Tana cin abinci?"

"An ce tana lafiya, Maman Haleema. Ke me ya sami idonki?"

Salimatu ta waiga wajen maza, ta dawo da kallonta kan famfon.

"Na gode da kika fitar da ita," ta ce. "Yanzu saura ni."

Ta wuce da sauri kafin Talatu ta buɗe baki.

Da taro ya watse, Talatu ta je ɗaukar kularta. Ta same ta a ƙarshen tebur da nauyinta yadda ta kawo ta, ko murfin ba a ɗaga ba.